Hoboken, Garin Su Yo La Tengo

Daga Manhattan na hau jirgin ƙasa na PATH, wanda ke bi ta ƙarƙashin kogin Hudson. Ban gama gyara zama ba muka iso Hoboken, a jihar New Jersey. Tun 1907 aka gina tashar, tana bakin ruwa. Garin ɗan mitsitsi ne, da ƙafa ake zagaye shi. Wasu baƙi don mawaƙi Frank Sinatra suke zuwa, da yake nan aka haife shi a 1915. Ni kuwa ƙungiyar mawaƙa ta Yo La Tengo ce ta kawo ni.

Ira Kaplan da matarsa Georgia Hubley ne suka kafa ƙungiyar a nan a 1984, shi da jita, ita da ganguna. Daga baya James McNew ya shigo, tun sannan su ukun ne. Kundinsu This Stupid World, wanda kamfanin Matador ya fitar a Fabrairun 2023, shi nake saurare da na miƙe titin Washington. Matador ɗin nan dai shi ya fitar da kundin Afrique Victime na Mdou Moctar, makaɗi ɗan Nijar, a 2021, ta nan ma na fara sanin sunan kamfanin.

Waƙoƙi tara ne, kuma ba su ɗauko wani ya tsara musu sauti ba. A ɗakin da suke atisaye suka naɗe abinsu, McNew ne a kan na'ura. Kunne na jin haka. Jitar Kaplan ta yi ta ƙugi kamar injin niƙa, gangar Hubley ba ta gaggawa, can kuma sai muryarta ta shigo a sanyaye. Waƙar da aka ba kundin sunanta ta fi minti bakwai, kusan amo ɗaya ake ja. Marar haƙuri zai tsallake ta. A ganina ita ce ƙashin bayan aikin.

Can saman titin na tsaya a ginin da gidan kiɗa na Maxwell's yake a da. Nan Yo La Tengo suka yi wasanninsu na farko, nan kuma suka riƙa yin dare takwas a jere lokacin bikin Hanuka na Yahudawa, har aka rufe wurin a 2013. Yanzu a Bowery Ballroom da ke Manhattan suke yi. Na tambayi wata mai shagon shayi ko ta san su. Ta ce babanta ne ke jin su, ita dai ba ta taɓa zuwa wasansu ba.