Tantin gwanjo a kan Gangirwal

Da ɗan sikelin rataye a aljihu na shiga kasuwar Ƙofar Wambai, irin wanda ake auna jaka da shi kafin a hau jirgi. Saura mako uku mu tashi zuwa Mambila, ni da ƙanena, mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Duk abin da za mu kwana a cikinsa a bayanmu za mu goya shi, shi ya sa kowane kilo ya zama abin lissafi. Mai rumfar da aka nuna mini, wani dattijo mai sayar da jakunkuna da barguna na gwanjo, ya ga na fiddo sikeli sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tanti ka zo saya ko nama?"

Uku ya fito mini da su. Na farko na mutum shida ne, ko ɗaga shi ban yi ba, wannan sai mai mota. Na biyu sabo ne fil, irin wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, amma idan an naɗe shi sai ya zama kamar ƙaton faifai, babu jakar goyon da zai shiga. Na uku ya sha jiki, launinsa ya koɗe, na mutum biyu ne. Na rataye shi da sandunansa da turakunsa, sikeli ya nuna kilo 2.3.

Tantin gwanjo hanci ne ke fara duba shi kafin ido. Akwai wani shafi da ake yi wa yadin ta ciki don kada ruwa ya ratsa, idan ya tsufa sai ya fara danƙo yana wani wari mai tsami, kuma da ya kai haka ba ya gyaruwa. Na sansana, na shafa, ban ji komai ba. Na bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, domin ta hujin allura ruwa ke fara shiga, shi ya sa ake manna siririyar leda a kan kowane ɗinki ta ciki. A kusurwa ɗaya ta ɗaɗe kamar tsawon yatsa. A jikin jakarsa an rubuta 2,000 mm ga rufin, 3,000 mm ga shimfiɗar ƙasan. Ma'anar lambar ita ce tsawon ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara tsatsafowa, wato mita biyu ke nan ga rufin. Na ƙasa ya fi bukatar lamba babba, saboda gwiwa da gwiwar hannu suna danna shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da ya sa na daina jan ciniki abu biyu ne: riga biyu gare shi, ta ciki mai raga kamar gidan sauro da ta waje mai tare ruwa, sannan sandunansa na alminiyam ne. Dattijon ya ce, "Ɗauki wannan, da tsohuwar zuma ake magani." Na san maganar ɗan kasuwa ce, amma na biya.

Ƙanena ta intanet ya yi odar nasa. Sabo, kilo 1.4, riga ɗaya, sandunan faiba, kuɗinsa bai ma kai nawa ba. Da na kafa nawa a tsakar gida ina kwara masa ruwa da bokiti, yara na ciki suna ihu, yana gefe yana cewa, "Yaya, kusan kilo guda ka fi ni, za ka faɗa mini a kan hawa." Kusurwar nan ta ɗiga, na liƙe ta da gam. Zif ɗin yana cijewa, na goga masa kyandir ya saki.

Hanyar doguwa ce. Daga Kano muka bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo, washegari muka wuce Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, an kafa shi a 1991, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, kuma dutsen yana cikinsa, kan iyaka da Kamaru. A nan muka yi maganar izini da ta wanda zai raka mu. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawan da ke sa direba ya kashe rediyo, kwana bayan kwana, kunne yana toshewa, har muka fito kan tudun Mambila. Da safe muna gumi a Serti, da la'asar a Nguroje ina laluben rigar sanyi. Ba abin mamaki ba ne, duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Daga nan 'yan acaɓa suka kwashe mu zuwa Njawai.

A daren ne na yi wauta. Ina shirya jaka, maganar ƙanena na yi mini yawo a ka, sai na zare turaku huɗu daga cikin goma sha biyu, na cire igiyoyin gefe guda biyu, na bar su a masauki. Duka abin da na rage bai kai nauyin gwangwanin madara ba.

Jagoranmu Bafulatani ne, siriri, da takalmin roba da sanda, Hausarsa tana da ɗan karin Fulatanci. Ya ce su Gangirwal suke kiran dutsen. Muka bi tuddai masu ciyawa, mu gangara rafi mu sake hawa, shanu na kiwo a wuraren da ban zaci ƙafa huɗu za ta tsaya ba. Gaskiyar ƙanena, kilo gudan nan na ji shi. Bayan azahar igiyar jaka ta fara cin kafaɗata, shi kuwa yana gaba yana ɗaukar hoto.

Ni a raina wurin da na so mu yada zango shi ne wani kwari mai laushin ciyawa kusa da ruwa. Jagora ya ce, "A'a Malam, sanyi da dare gangarowa yake yi kamar ruwa, a nan yake kwana." Ya hau da mu ɗan sama, bayan wata duhuwa. Ya sa muka juya ƙofofin tantunan suka ba iska baya.

Ƙarshen Nuwamba ne, damina ta ɗauke, ko ɗigo ba a yi ba a duk tafiyar. Lambobin da na tsaya karantawa a kasuwa ba su yi aikin komai ba ta fuskar ruwan sama. Iska ce ta zo, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Gefen da na hana igiya ya dinga lotsowa yana marin fuskata, rigar waje tana kaɗawa kamar tuta. Na fito da tocila a baki, yatsu sun ƙage, na kwance igiyar takalmana biyu na ɗaure a madaukan da babu komai, jagora ya fiƙe mini itace biyu da wuƙarsa muka kafa, muka danne da duwatsu. Bai ce mini komai ba, shirun nasa ya fi faɗa ciwo. Sandunan dai sun lanƙwasa sun dawo yadda suke.

Ƙanena iska ba ta dame shi sosai ba, tantinsa gajere ne. Sanyi ne ya sa ya zuge ko'ina ruf, har ya leƙo yana tambaya ko a sa masa ɗan garwashi a gwangwani ya shiga da shi. Jagora ya hana shi da babbar murya, ni ma na sa baki, don duk wanda ya tashi a Kano ya ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ba su farka ba. Da asuba na ji yana salati. Bargonsa ya jiƙe, hularsa ta jiƙe, ruwa na ɗiga daga rufin ta ciki. Ya ce, "Yaya, wallahi yoyo yake yi." Ba yoyo ba ne, numfashinsa ne. Tururin da mutum ke fitarwa duk dare idan ya taɓa yadi mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar murfin tukunya. Nawa ma ya yi wannan gumin, amma a jikin rigar waje ya taru ya gangara ƙasa, raga tana tsakanina da shi, iska kuma tana wucewa ta tsakanin rigunan biyu. Ɗan zauren da ke gaban ƙofar ya tsare mini takalma da jaka daga raɓa. Nasa takalman a waje suka kwana.

Tantin duka tsayinsa kamar mita ɗaya ne, ba a miƙewa a ciki, don haka a waje muka yi sallar asuba, bayan alwala da ruwan da ya sa haƙora suka dinga haɗuwa. Muka bar kaya a zango muka ƙarasa hawan da gorar ruwa kawai. A can sama iska ce da ciyawa, da tuddai jere har inda ido ya gaza, jagora ya nuna da sanda ya ce wancan ɓangaren Kamaru ne. Ba mu daɗe ba.

Da muka sauko mun tarar bargon da muka shanya a kan dutse ya bushe. Wajen naɗe tantinsa ne ƙanena ya ga ɗaya daga sandunan faiban ta tsage a gaɓa, har sartse ya shige masa yatsa. Dare na biyu a nawa muka kwana mu biyu, kafaɗa na gogar kafaɗa, jakunkuna a zaure, domin abin da kamfani ke kira na mutum biyu, mutum biyu ne da ba su da kaya. Kafin mu kwanta ya ce shi zai goya rigar waje da turaku gobe, ni in ɗauki ta ciki da sanduna. Na ce to, amma igiyar takalmina ɗaya ta tsinke jiya, ya ba ni tasa ta ajiya.