Zuwa Gembu da jif mai mutuwa a kowane shinge

Bayan sallar asuba muka bar Jalingo muka nufi garin Gembu da ke kan tsaunin Mambila, ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe yana fataucin shanu a can. Jif ɗin 'yar kwatano ce da na saya bayan cire tallafin mai a 2023, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne an ce tana da ɗan haɗin lantarki mai rage shan fetur. Ba irin motar da ke tafiya da lantarki zalla ba ce. Batir ne ƙarami mai ƙarfin bolt 48, da wata na'ura da aka ɗaura da bel a gurbin altaneta mai cajin batir. In ka taka birki, na'urar ta tara wuta. In ka tsaya cik, inji ya mutu. Kana ɗaga ƙafa, ta tayar da shi kafin ka kai ga totur.

A shingen farko bayan Garba Chede na sauke gilashi, inji ya yi tsit. Jami'in bai ma tambayi takardu ba, sai ya juya ya ƙwala wa samarin da ke sayar da rake kira su zo su tura. Na saki birki, mota ta tashi, har sai da ya ja da baya.

"Ɗana," in ji Kawu, "motar da ke mutuwa ba a kashe ta ba, ina za ta kai mu?"

"Kawu, hutawa take yi."

"To, Allah Ya sa kada ta huta a kan dutse."

Bali da Serti mun wuce su cikin zafi. A nan na lura da wani hali nata: muddin esi na aiki tuƙuru, ba ta yarda ta mutu ko an tsaya, don kada cikin motar ya ɗumame. Ke nan a ƙasar zafi irin tamu, wani kaso na tanadin man da ake yi wa talla rana ce ke cinye shi. A Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, muka cika tanki, don man kan dutse ya fi tsada.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa na gaske. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, ga manyan motoci na rarrafe a gaba. Kafin mu soma, na danna maɓallin nan mai harafin A da kibiya zagaye da shi, na hana ta mutuwa. Motar kan ƙi kashe inji da kanta a gangare mai tsanani, amma ban ga dalilin bar wa kwamfuta wannan hukunci ba alhali tirela na gabana tana fitar da baƙin hayaƙi. Abin haushin shi ne duk lokacin da ka kashe mota ka sake tayarwa, sai ka sake danna shi.

Kan tsaunin wata duniya ce. Tsayinsa ya kai wajen mita 1,600, iska mai sanyi, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, shanu ko'ina. Tsakanin Maisamari da Nguroje garke ya tare mana hanya, muka daɗe muna jira, kuma a nan ne kawai Kawu ya yaba mata, ganin ba ma ƙona mai a banza. Muka ratse ta Kakara muka ga gonakin shayi, sannan muka bi wata hanyar burji zuwa rugar abokin cinikinsa. Ruwa ya yi mata kaca-kaca. Da na sa ƙaramar giya ta ƙafa huɗu, tsarin kashe injin ya janye da kansa, jif ta koma jif kamar kowace. A bakin wani rafi na sauka na auna zurfin da sanda, saboda batirin nan a ƙarƙashin mota yake, kuma ko da an rufe shi ruf, ba abin gwaji ba ne.

A Gembu na kai ta wurin wani rewaya don ya duba fitilar da ta sassauta. Ya buɗe bonet, ya ƙura wa na'urar ido, ya ce, "Alhaji, wannan kam in ta lalace a nan, sai dai a ɗora ta a kan babbar mota zuwa Abuja." A gefen shagonsa tsofaffin Land Rover ne jere, waɗanda har yau suke dakon masara da mutane zuwa ƙauyuka, kuma kowane yaron gareji ya san cikinsu. Ya ɗaure fitilar, na biya shi, muka tafi neman masauki kafin sanyin magariba ya sauko.