Abin da takardun John Lennon suka koya mini

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na zaɓi rubuta kundina a kan mawaƙa da gwamnati, na ɗauki John Lennon na ƙungiyar Beatles a matsayin misali. Abin da ya fara jawo ni gare shi shi ne a 1969 ya mayar wa Sarauniyar Ingila lambar girmar da aka ba shi, ya ce bai yarda da hannun Birtaniya a yaƙin Biyafara ba, bai kuma yarda da goyon bayan da take ba Amurka a yaƙin Vietnam ba. Wato har yaƙin basasarmu ya shiga bakinsa.

Babin farko da na kai wa malamina yabo ne tsantsa. Ya karanta a natse, ya mayar mini, ya ce kirari na rubuto, shi kuwa tarihi yake nema, in je in jera komai bisa kwanan wata.

Da na jera, sai labarin ya fito da kansa. A 1971 Amurka ta sauko da shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. A Disambar wannan shekara Lennon, wanda a lokacin yake zaune a Amurka, ya yi waƙa a wani gangami a garin Ann Arbor domin a saki ɗan gwagwarmaya John Sinclair, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 10 saboda naɗin wiwi biyu, kuma cikin 'yan kwanaki aka sake shi. Daga nan aka fara shirin Lennon ya zagaya ƙasar yana waƙa, ana zuga matasa su yi rajista su kayar da shugaban ƙasa Richard Nixon a zaɓe. A Fabrairun 1972 Sanata Strom Thurmond ya aika takarda yana ba gwamnati shawarar a kori Lennon daga ƙasar. A Maris hukumar shige da fice ta fara shirin korar.

Dalilin da aka rubuta kuwa? An taɓa kama shi da wiwi a Landan a 1968. Ba a ambaci Vietnam ba, ba wanda ya ce masa ya daina waƙa. Tsohon laifi aka tono, aka karkaɗe masa ƙura. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji an kama mawaƙi a kan haraji ko takardar izini, abu na farko da nake dubawa shi ne me ya rera a watannin baya.

Na so in rubuta cewa Lennon ne ya yi nasara, domin lauyansa Leon Wildes ya ja shari'ar har kotun ɗaukaka ƙara ta soke korar a Oktoban 1975, Lennon ya kuma samu takardar zama ta dindindin a 1976. Malam bai bar ni na wuce haka nan ba, ya tambaye ni ina zagayen waƙar da aka shirya. Ba a yi shi ba. Nixon ya lashe jihohi 49 a Nuwamban 1972, lokacin da mawaƙin ke zaryar kotu. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na gyara babin.

Haƙurin bincike kuma wurin masanin tarihi Jon Wiener na gan shi. A 1981 ya nemi hukumar binciken laifuka ta Amurka, wato FBI, ta ba shi fayil ɗin Lennon, aka ƙi sakin yawancinsa da sunan tsaron ƙasa, ya kai ƙara. Takardu 10 na ƙarshe sai a 2006 aka sake su, shekara 26 bayan an harbe Lennon a ƙofar gidansa a New York.