Yadda na nemi zaman dindindin a Amurka da binciken wuta-wuta

An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Sai ga ni a Amurka ina bincike kan wuta-wuta, ciyawar nan da ke shanye dawa da gero tun daga saiwa, an ce in zauna in rubuta wa hukumar shige da fice cewa ina cikin 'yan ƙalilan da suka yi zarra a fannina. Abin da EB-1A, ɗaya daga cikin rukunonin neman zaman dindindin, ke nema ke nan. Daɗinsa, ba sai ma'aikata ta tsaya maka ba, kai za ka cike fom I-140 da kanka.

A ƙarshen 2024 na tura nawa. A lokacin, dala 715 kuɗin fom, 300 na wani kaso da ake ɗora wa mai nema da kansa, sai 2,805 don a ba ni amsa cikin kwanakin aiki 15. Aljihu ya ji jiki.

Ƙa'idar ita ce, in ba ka da kyauta irin ta Nobel, ka cika sharuɗɗa 3 cikin 10. Na ƙirga nawa: na wallafa maƙalu, na tantance wa mujallu ayyukan wasu, na kawo sabon abu. Na ɗauka an gama. Ashe tun shari'ar Kazarian ta 2010 awon hawa biyu ne: a ƙirga sharuɗɗan, sannan a dubi hujjojin gaba ɗaya a ga ko da gaske ka kai.

Amsar da ta zo neman ƙarin hujja ce, kuma laifin nawa ne. Wasiƙun shaidata duk daga malamaina suka fito, kowa na cewa yaron kirki ne, mai ƙwazo. Kirki bai cikin sharuɗɗan goma. Ni ma kunya ta sa duk inda ya kamata in ce "na gano" sai in rubuta "mun gano".

Na buɗe Google Scholar, shafin laluben maƙalun bincike, na bi waɗanda suka ambaci aikina ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ambato ne kawai a gabatarwa, na bar su. Waɗanda suka ɗauki hanyata suka gwada a gonakinsu na gwaji su na rubuta wa, mutanen da ban taɓa gani ba. Huɗu suka amsa, kowa ya faɗi abin da ya yi da aikin, a wane shafi. Na roƙi editoci su tabbatar da yawan maƙalun da na tantance. Na kuma bayyana wa jami'in mece ce wuta-wuta kamar yadda zan yi wa baƙo, don ba lalle ya taɓa ganin dawa a gona ba.

Amincewar ta zo wata Talata ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce madalla, sannan ya tambaye ni yaushe maganin zai iso gonarsa.