Wasiƙa daga Jidda: mun kai yara Madina gaida Gwaggo

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kowa lafiya, ya sanyi, ya haƙuri da tsadar kaya. Mu ma nan sai godiya.

Tun ranar da uwargida ta tura wa dangi hoton yara a bakin masallacin Ƙuba wayata ba ta huta ba. A mota kuka je? Awa nawa ne? Da gaske ba ramuka, ba shinge? Nawa litar mai? Sai kuma wadda ta fi sukata: tunda kuna iya kwasar yara zuwa Madina gaida Gwaggo, me ya hana a kawo su Katsina su gaida Inna? Na ga gara in amsa wa kowa a lokaci ɗaya. Zan taɓo hanya, da abinci, da jirgin ƙasan da ake ta tambaya, da zancen dabino ga masu shirin Umara.

Amma bari in fara da abin da hoto ba ya nunawa. A ƙasar nan kafin ka taɓa makullin mota sai ka gama da takardu. Duk baƙon da ke zaune a nan yana da igama, wato takardar izinin zama, har jariri na goye. Autarmu a Jidda aka haife ta, kuma haihuwa a Saudiyya ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Asibiti za su ba da sanarwar haihuwa, da ita za a karɓo takardar haihuwa, da ita za a yi fasfon Najeriya, a yi inshorar lafiya, sannan a saka yarinya ƙarƙashin igamar ubanta. Kowace takarda tana jiran ta gabanta, ɗaya ta maƙale duk sun maƙale. Igamarsu duka a jikin tawa take rataye, tawa kuma a hannun wurin aikina. Mutumin da ke bin mana takardu kullum amsarsa ɗaya ce, gobe in sha Allah, har na daina tambayarsa wace goben. Ita kuwa Gwaggo duk kiran da za ta yi sai ta ce, "Kai ɗan nan, wai sai na mutu za ka kawo min kishiyar tawa in gani?" Ya zan yi in bayyana wa tsohuwa cewa ba na son a tsayar da ni a wurin bincike da yarinyar da ba ta da lamba?

Sannan ga kuɗin iyali. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, mata ko ɗa. Ya koma 200, ya koma 300, daga 2020 ya tsaya a 400. Ku yi lissafi da ni: mace ɗaya da yara uku, riyal 1,600 a wata, 19,200 a shekara, ba a zo maganar haya da makaranta ba. Abokan aiki da yawa saboda wannan suka mai da iyalinsu gida. Wanda ya ga Bahaushe da matarsa da 'ya'yansa cikin mota a Jidda, ya sani akwai abin da mutumin nan ya haƙura da shi.

Motar ma tana da nata. Akwai istimara, takardar rajista, wadda ake sabuntawa duk shekara uku. Akwai fahas, inda ake duba birki da fitilu da taya da hayaƙi, kowace shekara da zarar mota ta wuce shekara uku. Akwai inshora. In motar ba taka ba ce, ko ta yayanka ce uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya ba ka izini a hukumance. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne kusan duk wannan a waya ake gani, cikin manhajar Absher. Ba mai ce maka kawo na goro, ba mai ce maka oga ya fita. Sai dai ita waya ba ta san haƙuri ba, ba ta san ka zo da gaisuwa ba. Kwanan wata ya wuce, to ya wuce.

Masu tambayar 'yan sanda: akwai wuraren bincike, amma sau da yawa hannu kawai za a ɗaga maka ka wuce. Mai gadin hanya na gaskiya kyamara ce, Saher suke ce mata, tun 2010 take aiki. Hanyar Jidda zuwa Madina an yarda ƙaramar mota ta yi gudun kilomita 140 a awa a wasu sassa tun 2018. Ka wuce abin da allo ya ce, saƙon tara zai same ka a waya. Tana kama wanda bai ɗaura bel ba, tana kama mai riƙe da waya. A gida mutum zai fito daga mota ya rusuna, ranka ya daɗe a yi haƙuri, iyali ne a ciki. A nan wa za ka rusuna wa? Kuma in tara tana kanka ba za a ba ka bizar fita da dawowa ba sai ka biya.

Dokar da ta fi shafar mu ita ce ta yara. Wanda bai kai shekara 10 ba ba ya zama a gaba, ƙanana kuma sai a kujerarsu ta musamman mai ɗauri. Auta ta ƙi jinin kujerar nan. Tun daga ƙofar gida ta buɗe baki, ba ta rufe ba sai wajen Usfan, uwarta na juyowa tana rarrashi, ta tsakiya na taya ta kuka don kara. Duk da haka ba wanda ya kwance ta. A gudun da ake yi a hanyar nan, birki ɗaya ya isa ya fizge yaro daga hannun uwa komai ƙarfin riƙonta. Nakan tuna yadda muke tafiya biki a gida, yaro a cinya a gidan gaba, wani a tsaye tsakanin direba da giya yana kallon hanya. Na san kujerar da tsada, ban ce kowa ya saya ba. Amma mai da yaro baya a ɗaura masa bel ba ya cin ko kwabo.

Mun tashi ranar Juma'a bayan sallar asuba, tunda hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Nisan wajen kilomita 420 ne, kusan Kano zuwa Abuja, kuma awa huɗu da ɗoriya ta ishe ka har da tsayawa. Mai, riyal 2.18 lita mai lamba 91. Ramuka babu, wannan gaskiya ne. Abin da ba a faɗa muku shi ne mutane ma babu. Ka yi tafiya mai nisa ba ƙauye, ba talla, ba yaro mai kora awaki, sai manyan motoci da bas-bas na masu ziyara, da duwatsu baƙi ƙirin shimfiɗe har iya ganinka kamar an zubar da gawayi. Babban namu ya tambaya wa ya ƙona su. Ragowar aman wuta ne na dutse, harra ake ce wa wurin, kuma a shekarar 1256 wuta ta ɓarke daf da Madina, malaman tarihi sun rubuta labarinta. Shi ne kuma ya riƙa karanto mana allunan gefen hanya, Subhanallah, can gaba Alhamdu lillah, can gaba Allahu Akbar. Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da karatun Hausa, abin da ke ɗan damuna, amma wannan zance ne na wata rana. A wani wuri birai sun sauko bakin titi suna jiran a jefa musu abinci. Yara sun so a buɗe gilashi, na ce ko kusa.

Hanya mai kyau da shiru irin wannan barci take jawowa, shi ya sa nake tsayawa ko ban gaji ba. Wurin tsayawa gidan mai ne, da masallaci da kanti da wurin cin abinci. Wanda muka tsaya bayan gidansa bai yi ba sam, sai da uwargida ta fito da butarmu da sabulunmu. Mun sayi ful da burodin tamis mai zafi, ta buɗe dambun nama da fulas ɗin kunun gyaɗa. A nan kewar gida ta kama ni. Na tuna Kwanar Ɗangora da Mararrabar Jos, mota na tsayawa a yanyame ta, mai rake, mai dafaffen ƙwai, mai fura. In motarka ta lalace a gida, kafin ka buɗe bonet bakanike ya ɓullo daga ƙarƙashin bishiya. A nan sai ka kira motar ɗauko mota ka zauna jira, don haka ruwan sha mai yawa ba ya rabuwa da but ɗina.

Mun sami Juma'a a Harami, daga nan muka wuce gidan Gwaggo. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba, yaron ta cafke. "Maigida, sai yau? Ina cefanena?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai san wasan kaka da jika ba sai da uwarsa ta raɗa masa ya ce sai ta yi masa tuwo tukuna. Auta kuwa aka juya ta aka duba, aka yanke hukunci cewa kishiyar ba ta kai Gwaggo kyau ba. Taubasaina duk a Madina aka haife su, Hausarsu garwaye da Larabci, amma tsiyar taubasantaka ba su manta ko ɗaya ba. 'Ya'yansu suna ji, sai dai da Larabci suke mayarwa. An kawo kabsa a babban faranti, a gefe kuma tuwon shinkafa miyar kuka, kuma tuwon ne ya fara ƙarewa.

Da na fara ba ta labarin igama da kukan auta, sai ta katse ni. Ta ce surukinta, uban marigayi mijinta, da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ta Barno, ta Chadi, ya ratsa Sudan yana tsayawa noman ƙodago ya tara guzuri, ya yi shekaru kafin ya kai Suwakin ya hau jirgin ruwa ya tsallake Bahar Maliya. "Kai kuma awa huɗu cikin sanyin mota kake kawo min ƙara? Zumunci a ƙafa yake." Ban ce komai ba, na ƙara loma.

Masu zuwa Umara a Disamba ko Janairu da yara, Madina ba Jidda ba ce. Da asuba iska ce mai shiga ƙashi, a taho da rigar sanyi da hula da safa. Shiga Rauda kuma sai an nemi lokaci a manhajar Nusuk tun da wuri. Jirgin ƙasa na Haramaini yana nan tun 2018, yana gudun kilomita 300 a awa, mutum ɗaya ya fi masa sauƙi, mu biyar da kayanmu mota ta fi arha. Dabino ban samu na zagaya kasuwa ba, Gwaggo ce ta cika mana kwali da ajwa da ganyen na'ana'ar Madina.

Zancen Katsina, Inna ki yi haƙuri. Tikitin jirgi na mutum biyar ne, da bizar fita da dawowa riyal 200 kowane kai, da tsarabar da kin san ba a shiga gari babu ita. Muna tarawa, muna sa ran hutun makaranta mai tsawo in Allah ya yarda. Kafin nan, duk wanda zai taso ya yi min magana, Gwaggo ta ce a riƙo mata daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta roƙi goro ma, amma kada wanda ya saka shi a jaka, an hana shigowa da shi.