Allurar Botox da rawar idona

Ɗinki nake yi a Yamai, sana'ar da ba ta yiwuwa sai da ido. Rawar ido ta fara mini a ɓangaren dama, 'yan gidanmu suna cewa baƙo zan gani. A hankali ta sauko kunci, har ta kai idan ta kama ni fatar idon ta rufe ruf, baki ya ja sama, in kasa zura zare. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi, na daina zuwa biki saboda kallon mutane.

Likitan jijiyoyi ya ce jijiyar da ke motsa fuska ce take aiki ba da sona ba, kuma galibi wata hanyar jini ce ke danne ta. Da ya ambaci Botox na ce, "Likita, ba ita ce ta masu gyaran fuska ba?" Ya ce, "Hajiya, ai masu ciwon ido sun riga su." Tun 1989 Amurka ta amince da ita don harara-garke da rufewar fatar ido, sai a 2002 aka yarda a yi ta don tamojin tsakanin gira. Asalinta guba ce da ƙwayar cuta Clostridium botulinum ke fitarwa. Ɗan mitsitsi ake sawa, ya tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai tsokar ta saki.

Allurar siririya ce, ya tsikare ni a 'yan wurare kewaye da ido da kunci. Ran nan ban ga canji ba, kuma dama ya gaya mini in yi haƙuri, takan kai mako 2 kafin ta gama kamawa. Haka kuwa aka yi. Idon ya riƙa bushewa, sai da maganin ɗigawa, murmushina ma ya ɗan karkace na wani lokaci. Amma na koma kan keke.

Ba warkarwa take yi ba, wannan ne ya fi mini nauyi. Wata 3 zuwa 4 ƙarfinta ya tafi, rawar ta dawo, ga tsada. Adashi na shiga musamman dominta.

Sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a Afrilu zafinmu na wuce 40, ga ɗaukewar wuta. Shi ya sa kullum nake roƙon a nuna mini kwalbar a rufe, in ga daga firigo aka ɗauko ta, in duba ranar ƙarewar aikinta.

Wata mai kawo mini ɗinki ta ce wai a wurin gyaran jiki za a yi mata a goshi, da araha. Hankalina ya tashi, don akwai jabu, kuma in ta zarce inda ake so fatar ido kan faɗo ta yi makonni. Ga ta da juna biyu. Na ce, "Ƙanwata, don Allah bari ki sauka lafiya, ni da kaina zan raka ki wurin likita."