Wasiƙa daga Ankara: fitilar bakin teku ta Jamestown

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya kasuwa. Daga Ankara ta ƙasar Ghana nake rubuto muku, Accra kenan a takarda, amma mutanenmu na zango Ankara suke cewa, nima bakina ya bi nasu.

Na daɗe ina wucewa ta Jamestown a mota ina hango wata doguwar hasumiya mai fenti ja da fari a bakin teku ban taɓa tsayawa ba, sai kwanan nan na ce bari dai in je, gani ya kori ji. Hasumiyar fitila ce, irin wadda ake kunnawa da dare don jiragen ruwa su san ga gaɓa nan kada su afka kan duwatsu. Kowace irin wannan fitila da yadda take ƙyaftawa, matuƙi na ganin ƙyaftawar ya san garin da yake fuskanta. Turawan Ingila ne suka gina ta farko a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuma a shekarun 1930 aka gina ta a madadin waccan, tsawonta mita 28. Matakalar cikinta murɗaɗɗiya ce ga matsi, kafin ka kai sama gwiwa ta gaya maka, amma in ka leƙo wallahi sai ka manta da gajiya, ga kwalekwalen masunta 'yan ƙabilar Ga birjik kowanne da fentinsa da tutarsa, ga hayaƙin bandar kifi na tashi, ga teku har inda ido ya ƙare.

Daf da ita akwai tsohon sansanin Turawa da ake kira James Fort, kamfanin cinikin Ingila ya gina shi a 1673. Gaba kaɗan kuma ga Ussher Fort wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Cinikin zinariya da na bayi ne ya kawo su, a cikin waɗannan katangu ake tsare mutane kafin a loda su a jirgi, kuma cikinsu akwai waɗanda aka gangaro da su daga arewa. Daga baya James Fort ya koma gidan yari, a nan aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓe a watan Fabrairun 1951 dole gwamna ya sake shi ya zo ya jagoranci gwamnati. Sai 2008 aka daina sa fursunoni a wurin. Na tsaya a ƙofar na daɗe, raina bai yi daɗi ba.

To abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta muku shi ne goro. Mu mutanen tudu muna ganin ba abin da ya haɗa mu da teku, alhali akwai. A da fatakenmu da jakuna suke zuwa Gwanja, su sayo goron Asante a kasuwar Salaga su yi wata da watanni a hanya kafin su ga Kano. Da Turawa suka ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874, kuma a rundunarsu har da sojojin da ake kira Hausawan Glover, da sunan Baturen da ya tara su, kasuwar Salaga ta fara mutuwa, sannu a hankali goro ya juya ya nufi bakin teku. Sai a kawo shi Ankara da sauran garuruwan gaɓa a sa a jirgin ruwa zuwa Ikko, da layin dogo ya isa Kano a 1911 kuwa shikenan, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Kenan goron da aka raba a ɗaurin auren kakanninmu, wani daga ciki ta gaban fitilar nan ya wuce.

Kuma lodin ba wasa ba ne, don Ankara ba ta da mashigin da babban jirgi zai matso ya jingina. Can nesa yake tsayawa ya saki anga, sai majiya ƙarfi su tuƙa manyan kwalekwale su ratsa igiyar ruwa da huhunan goro da buhunan koko, fasinja kuma a zaunar da shi cikin wani akwati a ɗaga shi da igiya zuwa cikin jirgi. Ku yi tunanin bafatake ɗan Kano ko Katsina da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, ga dukiyarsa gaba ɗaya tana rawa a kan kumfa, ba abin da yake sai salati. Irin waɗannan mutane da malamai da tsofaffin sojoji su suka kafa zangunan garin nan, har Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, kuma har gobe Hausa ake yi a can.

Da aka buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, manyan jirage suka daina tsayawa a nan, unguwar ta koma hannun masunta. Talauci ya yi mata yawa gaskiya, gidajen da suka ga jiya duk sun tsufa, James Fort kansa yana ta zubewa duk da yana cikin wuraren tarihin da UNESCO ta amince da su tun 1979, abin yana min ciwo. A 2024 dai an buɗe sabuwar tashar masunta a ƙasan hasumiyar, kuma duk shekara matasa na yin bikin zane-zane na Chale Wote da aka faro a titunan unguwar.

Don Allah duk wanda a gidansu akwai tsohon da ya yi fataucin goro ta ruwa, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, a zauna da shi a tambaye shi yadda suka yi, a ɗauka ko a waya ne. Wanda kuma Allah ya kawo shi Ankara ya neme ni a zango in raka shi mu hau tare. A gaida kowa da kowa, sai na ji daga gare ku.